Bulalar Baki

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san bulala iri biyu. Akwai wadda ake yi da tsumagiya ko dorina ko igiyar guga, wadda takan kwanta a gadon baya ta yi rudu-rudu, a shafa man kaɗanya, bayan kwana uku ta baje. Akwai kuma wadda ake yi da harshe, ba ta fasa fata, ba ta fid da jini, ba a kuwa shafa mata komai. Ta farko mun saba ba da labarinta muna dariya, kusan kowanenmu yana da hikayar ranar da ya sha kashi a kan ƙin zuwa makarantar allo ko ɓatar da canjin cefane, har gasa mukan yi a kan wa ya fi wani shan wuya. Ta biyun kuwa ba mu cika ɗaga maganarta ba, ko da a tsakanin aminai, domin wanda ya yi mana ita shi ne wanda ya haife mu, ko ya riƙe mu, ko ya ciyar da mu, ɗan halas kuwa ba ya kai ƙarar irin waɗannan mutane. Wannan bulala ta biyu ita muke so mu tattauna a kanta, mu da muka baro gida muka zo neman ilmi a nan jami'a, muka kuma tarar cewa waɗansunmu sun taho da ita a cikin akwatinsu ba tare da sun sani ba.

Tun da farko ya kamata mu tsai da abin da muke nufi, kada mai karatu ya ɗauka mun zo ne mu ce a daina yi wa yara faɗa. Yaron da ba a kwaɓa sangarcewa yake yi, wannan babu gardama a kai, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma fa tanƙwarawa daban, karyawa daban. Idan uwa ta ce wa ɗanta, "Abin nan da ka yi ba kyau, kada ka kuma," ta yi faɗa ne a kan aiki, yaro kuwa yana iya barin aiki ya kama wani. Idan kuwa ta ce, "Kai dai ba ka da amfani, tun da na haife ka ban ga rana ɗaya ta farin ciki ba," to ta bar aikin ta koma kan mai aikin, shi kuwa ba shi da yadda zai yi ya bar kansa. Kuma ba furuci ɗaya na ranar ɓacin rai muke zance ba, domin babu gidan da ba a taɓa yin suɓul da baka ba. Abin da yake yin illa shi ne wanda ya zama abincin yau da gobe, watau a tashi yaro da "daƙiƙi", a aike shi da "ɗan asara", a tarbe shi da "mai baƙin jini", ya kwanta da "ba za ka taɓa zama komai ba", shekara da shekaru, har kalmomin su zame masa tamkar sunan yanka.

Wani lokaci ma ba sai an buɗe baki ba. Akwai gidan da ake raba tsaraba a tsallake yaro ɗaya, ba don an manta da shi ba. Akwai uban da zai yi wata guda cur ba ya amsa gaisuwar ɗansa ɗan shekara tara. Akwai kwatance, inda ƙane yake zama ma'aunin da ake auna wa da shi kullum a ce bai cika ba. Akwai gori, wanda a ganinmu shi ne mafi dafi: agola da ake tuna masa cewa tuwon da yake ci ba na ubansa ba ne, da 'yar riƙo da ake yi wa lissafin kowace atamfa da aka ɗinka mata, da ɗan da aka saki uwarsa ya zauna a hannun kishiya, duk laifin da ya yi sai a ce halin uwarsa ne ya biyo. Ga kuma mai fitsarin kwance, da ake ɗora wa tabarmarsa a ka a tara yaran unguwa su bi shi da tafi da waƙa, wai da sunan magani. Sa'an nan akwai barazanar baki. Yaron da aka koya masa cewa albarkar duniya da ta lahira tana bakin iyaye, idan aka riƙa zare masa wannan takobi a kan fasa kofi ko ɓarin miya, sai ya tashi yana jin cewa rayuwarsa a rataye take da zare ɗaya, kuma almakashin yana hannun wanda ba a san lokacin fushinsa ba.

Ba za a ce kakanninmu ba su san da wannan ba. Shaidarmu ita ce tatsuniya. Wane ne a cikinmu bai ji labarin 'yar bora da 'yar mowa ba, yadda ake tura ɗaya wanki a rafi mai nisa ana zaginta, ɗayar kuwa tana zaune a ɗaki ana lallashinta? Al'ummar da ta ƙago wannan labari ta ga abin da idonta, ta kuma yi tir da shi a fakaice. Sai dai a tatsuniya 'yar bora takan ƙare a gidan sarki, da raƙuma da bayi, babu tabo ko ɗaya a zuciyarta, ƙurunƙus. A zahiri kuwa takan ƙare ne a kujerar da take kusa da tamu a ɗakin lacca, kuma ba a taɓa ba mu labarin abin da yake cikin ranta bayan ta bar rafin ba.

A nan tilas mu bambanta wulaƙanci da kunya, domin baƙo yana iya rikita su. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ƙinsa take yi ba, alkunya ce, kuma yaron yakan gane haka daga loma mai tsoka da ake ɓoye masa. Wanda ya karanta littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar aka buga a 1954, zai ga wannan kunyar ɗan fari da kuma yadda riƙo ya zama ruwan dare a gidajen da. Amma waccan al'ada tana da matashin da take jingina a kai. A babban gida na gandu, idan uwa ta kame bakinta akwai kaka, wadda take kiran jikanta mijinta ta yi masa kirari, akwai goggo, akwai kawu, akwai abokan wasa, har yaro ya sami inda zai kai kukansa da inda za a yabe shi ba tare da kunya ba. Da yawa daga cikinmu kuwa a gidan haya muka tashi, ɗaki da falo, a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Shagamu ko wata unguwar ma'aikata, kaka tana can ƙauye sai an je salla ake ganinta. Kamewar ta biyo iyayenmu birni, matashin kuwa an baro shi a gida. Saboda haka akwai yaron da zai girma ya ji kowane irin zagi daga bakin mahaifinsa, bai kuwa taɓa jin "madalla" daga bakin kowa ba.

Kada a ce abin bai taka kara ya karya ba. A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya, inda aka zanta da matasa 'yan shekara 13 zuwa 24. Daga cikin abin da aka tambaye su har da ko wani babba a gidansu ya taɓa ce musu ba a son su, ko ya yi fatan da ba a haife su ba, ko ya riƙa muzanta su. Aka tarar kimanin mace 1 cikin 6 da namiji 1 cikin 5 sun sha irin wannan kafin su cika shekara 18. Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan ajin da yake da ɗalibai sittin, ke nan muna maganar mutum goma ko fiye. Abin lura kuma shi ne maza sun ɗan fi yawa, alhali su ne aka fi hana su kuka.

To, me ya sa sai a shekarun jami'a ciwon yake fitowa fili? Masana sun daɗe da lura da cewa ƙuruciya da samartaka su ne lokacin da yawancin cututtukan da suka shafi hankali suke somawa. Wani babban bincike da Ronald Kessler da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa rabin irin waɗannan cututtuka sun riga sun soma kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuwa kafin shekara 24. Amma mu da muke cikin abin muna da namu bayanin. Muddin yaro yana gida, yana da abin da yake gudu, kuma yana da mafarkin ranar da zai fita. Ranar ta zo, ya hau mota ya yi tafiyar yini guda, ya ajiye kayansa a ɗakin da ba wanda ya san sunan da ake kiransa da shi a gida, ya ce ya tsira. Sai dare ya yi, ya buɗe littafi, ya ji muryar nan ta ce masa ba zai gane ba. Ya waiga bai ga kowa ba. Muryar ta riga ta tare a cikin kansa, har ta koyi magana da irin lafazinsa, ta daina cewa "kai daƙiƙi ne" ta koma cewa "ni daƙiƙi ne". Mai zagin da yake waje ana iya yi masa nisa, wannan kuwa tare suke shiga ɗakin jarrabawa.

Mun zauna da irin waɗannan 'yan'uwa, mun kuma ga yadda abin yake sauya kama daga mutum zuwa mutum. Akwai wata 'yar ajinmu, wadda in ana lissafin masu ƙoƙari ba za a ƙirga uku ba a sa da ita ba, amma ba ta buɗe baki sai ta fara da ba da haƙuri. Idan ka taka ta ita za ta ce ka yi haƙuri. Ranar da aka raba mana takardun gwajin nazarin waƙa ta ga ta fi kowa maki, maimakon murna sai ta bi malamin har ofis ta ce, "Malam, don Allah a sake dubawa, ina jin takardar wani aka haɗa da tawa." Malamin ya dube ta ya ce, "'Yata, rubutunki ne, makinki ne, je ki." Ta fito tana rawar jiki kamar wadda aka kama da kayan sata. Daga baya muka ji daga bakinta cewa a gidan da aka riƙe ta, duk ranar da ta kawo sakamako mai kyau sai a ce satar amsa ta yi, domin irinta ba ta da wannan kan.

Akwai kuma wani, ƙato majiyi ƙarfi, wanda idan wayarsa ta yi ƙara ya ga sunan mahaifinsa sai ka ga launin fuskarsa ya sauya. Zai miƙe tsaye ya fita waje, ba abin da za ka ji sai "To, Baba. Na ji, Baba. A yi haƙuri, Baba." Da yawa daga cikinmu mukan rusuna idan iyaye suka kira, wannan ladabi ne, amma shi hannunsa kakkarwa yake yi, kuma a daren nan ba ya karatu ba ya barci. Na ukunsu ya bi wata hanya dabam. Shi wasa kaɗan za a yi masa ya hau dokin zuciya, yana ganin raini a inda babu, ya ɓata da abokin ɗaki, ya ɓata da budurwa tun kafin ta ɓata da shi, wai gara ya riga ta. Mutane suka sa masa suna mai baƙar zuciya, watau an ƙara masa suna ɗaya a kan waɗanda ya zo da su. Waɗansu kuma sukan nemi abin da zai kashe muryar ko da na sa'a biyu ne, daga nan ake faɗawa shan maganin tari da ƙwayoyi, sai a taru a kan shaye-shayen ana wa'azi, ba wanda ya tambayi abin da ake ƙoƙarin mantawa.

Da yake harshenmu bai ba mu ƙofar da za mu ce iyaye sun ji mana ciwo ba, sai jiki ya karɓi maganar. A asibitin makaranta ba wanda yake cewa ransa ne yake ciwo. Cewa ake yi kai yana zafi, ko wani abu yana yawo a tsakar ka, ko ƙirji ya yi nauyi, ko zuciya tana bugawa, ko gyambon ciki ya tashi, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a ga babu komai. Wannan ba sabon abu ba ne a makarantun ƙasar nan. Tun a 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu a kan ɗaliban Nijeriya masu kukan zafin kai da dishi-dishin ido da kasa riƙe abin da suka karanta, ya kira abin da sunan da su ɗaliban suke kiransa, watau gajiyar ƙwaƙwalwa. Ba muna cewa duk mai ciwon kai zaginsa aka yi yana yaro ba. Muna dai cewa damuwa a wurinmu ta saba shigowa da rigar ciwon jiki, kuma wanda bai san haka ba zai shekara yana shan fanadol.

Binciken zamani ya tabbatar da abin da tatsuniya ta hango. A 1998 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara buga sakamakon wani nazari da ya ƙunshi manya fiye da 17,000 a birnin San Diego na Amurka, inda aka tambaye su wahalhalun da suka sha a gida suna yara, har da zagi da muzantawa, aka kuma gwada da lafiyarsu ta yanzu. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye na waɗannan wahalhalu sun ninka sauran fiye da sau 4 wajen kamuwa da ciwon damuwa, sun kuma ninka su kimanin sau 12 wajen yunƙurin kashe kai. Wani zai ce ai wannan an haɗa da duka da fyaɗe ne. To, a 2006 Martin Teicher na Jami'ar Harvard ya ware zagin shi kaɗai, ya yi nazarin matasa 554 'yan shekara 18 zuwa 22, watau sa'o'inmu, ya tarar cewa alaƙar zagin iyaye da damuwa da fargaba da saurin fushi ta kai ta wanda ya tashi yana ganin ana dukan uwarsa, har ma ta ɗara ta dukan da aka yi wa yaron kansa a gida. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa ne daidai da gidan da ta sami kanta a ciki. A 2011 Eamon McCrory da abokan aikinsa a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran da suka tashi a gidajen tashin hankali, suka ga cewa idan an nuna musu fuskar mai fushi, sassan da suke gano haɗari sukan zabura fiye da na sauran yara, irin zaburar da aka gani a wurin sojojin da suka dawo daga fagen fama. Yaron da ya koyi karanta fuskar mahaifinsa tun daga bakin zaure dabarar tsira ya koya, ta kuwa yi masa rana a lokacinta. Matsalar ita ce ƙararrawar ba ta san an bar gidan ba, sai ta riƙa kaɗawa a gaban malami, da aboki, da miji ko mata.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce, "Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba." Gaskiya ne ba su mutu ba. Amma da ma a tambayi matansu da 'ya'yansu yadda zama da su yake. Za a kuma ce wannan tunanin Turawa ne, mu addininmu biyayya ya koya mana. Lalle biyayya ga iyaye wajibi ce, ba kuwa muna neman a sassauta ta ba. Sai dai addinin da ya ɗora wa ɗa haƙƙin iyaye shi ne ya ɗora wa iyaye haƙƙin ɗa. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da shaida cewa a tsawon wannan lokaci bai taɓa jin kalmar ƙosawa ko ta zargi daga gare shi ba. Haka nan labarin Aƙra'u ɗan Habis sananne ne, wanda ya ga Manzo ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka kuwa nuna masa cewa wannan rashin jinƙai ne, ba abin alfahari ba. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi, ba ta kuma ce ban da yaran gida ba. Ko dokar ƙasa ma, watau Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, ta ambaci cutar da zuciyar yaro a jere ɗaya da cutar da jikinsa, ko da yake mun san tazarar da ke tsakanin takarda da tsakar gida.

Duk da haka ba kotu muka kafa wa iyayenmu ba. Yawancinsu abin da aka zuba musu shi suka zuba mana. Uwar da take zagi tana iya kasancewa an aurar da ita tana ƙarama, tana fama da kishiya da talauci da goyo a kan goyo, ba ta da wanda za ta sauke wa haushinta sai wanda ba zai iya ramawa ba. Uban da ya dawo kasuwa ba ciniki, ko aka ci masa mutunci a wurin aiki, shi ma haka. Akwai kuma masu yi da kyakkyawar niyya, suna ganin yabo yana lalata yaro, kushe kuwa yana zaburar da shi. Abin da ya fi wahalar da 'yan'uwanmu shi ne riƙe gaskiya biyu a hannu ɗaya: mutumin nan ya sayar da gonarsa ya biya mini kuɗin makaranta, kuma mutumin nan ne ya sa ba na iya duban idon mutane. Da yawa sukan zaɓi ta farko su binne ta biyu, domin suna tsoron kada ambatonta ya zama butulci. A ganinmu mutum yana iya faɗa wa kansa cewa an ji masa ciwo ba tare da ya daina yi wa wanda ya ji masa addu'a ba.

Wani abu da yake ƙarfafa mana guiwa shi ne ba duk wanda aka yi wa wannan bulala ne yake durƙushewa ba. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai a 1955 har suka kai shekara 40. Daga cikin waɗanda suka tashi a gidajen talauci da rikici, kimanin kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu riƙon kansu da iyalinsu, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun babba aƙalla ɗaya da ya riƙe su da mutunci, ko kaka, ko 'yar'uwar uwa, ko malamin makaranta. Wannan mun gaskata shi tun kafin mu karanta. Idan ka zauna da wanda ya sha wuya a gida amma ya miƙe, ka tona, za ka tarar da wata goggo da takan ja shi ɗaki ta ce, "Rabu da su, ɗana, kai mutum ne," ko wani malamin firamare da ya taɓa ɗaga littafinsa a gaban aji. Magana ce ta karya shi, magana ce kuma ta tallafe shi. Shi ya sa muke roƙon malamanmu na wannan sashe, cikin ladabi, da su san nauyin abin da suke furtawa a aji. Ɗalibin da aka ce wa "kai ba kayan jami'a ba ne" a gaban mutum ɗari, wataƙila wannan ne karo na dubu da ya ji irin maganar, kuma yanzu ta fito daga bakin mai digiri uku.

Ga wanda abin ya riga ya yi masa yawa, watau barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, karatu ya gagara makonni, ko ya soma jin cewa gara ba ya duniya, to wannan ya wuce a ce masa ya yi haƙuri, ciwo ne mai magani. Mun san abin da yake hana mu zuwa. A wurinmu lafiyar hankali gida biyu gare ta, ko kana lafiya ko kai mahaukaci ne mai tsince-tsince a bola, babu tsakiya, kuma wanda aka gani a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa yana tsoron kada labari ya kai gidan surukai. Likitocin ma ba su da yawa, 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, kuma sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Aro da Yaba da Kaduna da Kware da Maiduguri da sauransu, akwai sashen a asibitocin koyarwa, akwai kuma ofishin ba da shawara a yawancin jami'o'i, wanda da yawanmu muke wucewa ta gabansa shekara huɗu ba mu leƙa ba. Kuma ba kullum ne maganin yake zama ƙwaya ba. Akwai hanyar jiyya ta zance, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, inda ake koya wa mutum ya kama wannan murya a lokacin da take magana, ya tsare ta da tambaya: wa ya fara faɗin haka, ina shaidarsa, kuma da abokina ne ya faɗi wannan gwaji, haka zan ce masa? Addu'a da zuwa wurin likita kuwa ba kishiyoyi ba ne, kamar yadda mai karaya yake addu'a yana kuma zuwa wurin maɗori.

A 1954, lokacin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya soma tsarinsa na ƙauyen Aro, sharaɗin da ya sa shi ne kowane majiyyaci ya zo da ɗan'uwa da zai zauna tare da shi a gidajen mutanen ƙauyen, domin ya gane cewa mutumin ƙasar nan ba ya warkewa shi kaɗai. Mu a nan nesa da gida, ɗan'uwan da ke kusa shi ne abokin ɗaki da abokin aji. Hutun ƙarshen zango ya ƙarato, an soma ɗaure kaya ana tambayar kuɗin mota zuwa Kano da Sakkwato da Jos. A kowane hutu akwai 'yan ƙalilan da sukan zauna a makaranta bayan kowa ya watse, su ce kuɗin mota ne babu, ko kuma suna da aikin kundin digiri da ba su gama ba. Waɗansu gaskiya suke faɗi. Akwai kuma wanda ko an miƙa masa kuɗin motar sai ya kawo wani dalilin.